Wanzamin da Ya Aske Layin Amininsa

Malam Sallau, tun ranar da aka ce amininka zai tsaya takarar kwamitin makaranta na ga fuskarka ta yi tsami kamar kwantan koko. Kada ka musa. Ni a aji huɗu na tsaya, ranar da na saka wa hedimasta kwaɗo a aljihu aka raka ni ƙofa da tsumagiya, amma a karatun fuska ko mai digiri a bayana yake. Gyara zama ka ji misali.

A wani gari an yi manomi da wanzami, tare aka yi musu kaciya, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Wanzamin yana aski a gindin wani tsohon durumi da ke bakin filin makarantar firamare, inda ubansa ya yi, kakansa ma ya yi. Sai wani mai motocin haya ya ƙyalla ido a kan filin, yana so a yanki rabi a yi tasha. A garin kuwa ba a taɓa filin makaranta sai shugaban kwamitin iyaye ya sa hannu, don haka mai motocin ya fito neman kujerar. Iyaye suka ce ba da su ba, suka tsayar da manomi. Nan da nan gari ya ɗauka. Mai shayi ya fara ƙara masa madara, a masallaci ana matsa masa sahun gaba, tun ba a yi zaɓe ba ana ce masa Ciyaman. Har matar wanzami, tana tankaɗe, ta ce ashe maƙwabcinsu yana da kwarjini haka. Wannan magana ta tsaya wa wanzami a wuya kamar ƙayar kifi. Ba ya son tasha, kuma ba faɗuwar amininsa yake so ba. So yake ya ci, amma da ƙyar, da gumi, yadda ba zai dawo unguwa yana taku ɗai-ɗai ba.

Sai ya ƙulla wata dabara wadda ni kaina, da nake uban 'yan dabara, na sara mata. Bai zagi manomi ko sau ɗaya ba. Yabonsa ya shiga yi. Duk wanda ya durƙusa gabansa, sai ya jiƙa masa kai, ya ɗora aska, ya ce, “Ai mutuminmu ya gama ci, ƙirga kawai ta rage. Kai da shuka ke jiranka, me zai kai ka tsayuwa a rana?” Mutum kuwa in aska na yawo kusa da maƙogwaronsa ba ya gardama. Kawuna goma ya yi niyyar ragewa. Ya manta kowane kai da ya aske yana da baki, yana da mata da ƙanne da majalisa. Kafin mako ya zagayo, rabin gari ya ci zaɓe daga kan tabarma.

Ranar Asabar aka yi ƙato bayan ƙato: ɗan takara ya tsaya, masu son sa su jeru a bayansa, a ƙirga kawuna. Mai motoci ya tattaro duk direba da ɗan kamasho da ke da ɗa a makarantar, babu wanda ya bari a gida. Wanzami yana gindin durumi yana kallon layin amininsa ta baya. Shi da ya san ƙeyar kowa a garin, sai ya ga ƙeyoyin da ba su zo ba sun fi waɗanda suka zo. Hedimasta ya ƙirga, ya sake ƙirgawa: sittin da biyu nan, sittin da biyu can. Ya ɗaga murya ya tambaya ko akwai uban yaro da bai shiga layi ba. Ido duka ya koma kan wanzami mai 'ya'ya uku a makarantar. Manomi ya waiwayo ya yafito shi. Taku ashirin ne tsakaninsu. Amma daɗi ya kama wanzami: yau ga Ciyaman guda yana roƙon sa a bainar jama'a, matar wanzamin ma tana cikin layi tana gani. Ya ce a ransa sai an kira shi sau uku, kamar amaryar da ake sayen bakinta. Ya ɗauko aska yana wasawa a hankali. Yana cikin wasawa sai ga wata tsohuwa mai riƙon jikanta ta iso a makare, kunnenta ya yi nauyi, ba ta san layin wa da wa ba ne. Ta duba wanda ya fi kusa da inuwa ta tsaya. Na mai motoci ne. Hedimasta ya busa usur.

Damina ba ta fita ba aka kawo ma'auna da gatura. Inda aka zaɓa a yi ƙofar tasha kuwa, daidai gindin durumi ne, shi aka fara kayarwa. Yanzu wanzami yana yawo da zabira gida-gida, 'ya'yansa suna ratsa tsakanin motoci kafin su kai aji. Manomi ya koma gonarsa, geronsa ya yi kyau. Har yau duk Juma'a yakan aika a kira masa wanzami, ya sunkuyar masa da kai. Wannan kiran ya fi aska kaifi.

To, Malam Sallau, jibi ne naku zaɓen, kuma na ji kana gaya wa mutane a kasuwa wai amininka ya riga ya ci. Ka leƙa ka ga wace bishiya kake zaune a gindinta. Hausawa suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, don wataƙila kai za ka faɗa.