Farar Igiya

"Mai igiya nake so, ɗana. Fara."

Mai shagon ya yi dariya, ya turo mata iyafis, abin sauraron waya na kunne, marar igiya. "Haba Hajiya, duk Iskandariya wa ke jan igiya yanzu? Wannan in kin sa ƙarƙashin mayafi ba mai gani."

"Ni kuwa so nake a gani."

Jiya ɗanta ya zo fuska a ɗaure. Maƙwabta sun kai masa tsegumi, wai tana yawo bakin teku tana magana ita kaɗai. Ya rantse in aka ƙara, zai ɗauke ta zuwa Alƙahira, ya rufe gidan da ta shekara arba'in tana buɗe wa iskar ruwa taga.

Da mai shagon ya miƙo mai igiya, ta ɗora farar igiyar a kan baƙar rigarta, ta dubi madubi. Ko daga tsallaken titi za a hango ta.

"Kawo wayarki mu gani ko bakin zai shiga."

"Bar shi kawai, Allah ya yi maka albarka."

A waje ta maƙala shi a kunne, ta cusa bakin igiyar cikin aljihun da babu komai. Mai gasa masara ya buɗe baki zai gaishe ta, ya ga igiya, ya haɗiye gaisuwarsa.

Ta zauna a bencinsu na bakin teku, ta bar wa mijinta gefensa, wata bakwai bayan an kai shi makwanci.

"To, Alhaji, ina muka tsaya? Ɗan nan naka fa taurin kanka ya ɗauko."