Bizar Malam

A ƙasar da muka zauna, tun da sabuwar doka ta fito, har mamaci sai da biza. In ta ƙare, a tono shi a mayar ƙasarsu.

Ranar da na je sabunta tawa da ta maigidana, Allah ya jiƙansa, wata 'yar Damagaram na tarar tana aiki a ofishin.

Ta ce, "Inna, bana mutum ɗaya ake ƙara wa a kowane gida. Ke ko shi?"

Na ce, "In na tafi, za a bar ni in dawo?"

Ta girgiza kai.

Na ce, "Ƙara wa Malam, 'yar nan. Ko da yana da rai, in ya samu barci ba na tashinsa."