Kugel na Jajiberen Pesah

Ta ƙofar baya Perel ta shigo da ita a jajiberen idin Pesah na Yahudawa, tana ɗora yatsa a baki.

"Tsohon yana falo. Ido ne ya tafi, kunne na nan garau. Don Allah kada ki ɗaga murya."

Matar ta gyaɗa kai. Ta wanke hannu, ta miƙa saman kabad ta sauko da magogin da ba a taɓawa sai da idi, ba tare da ta tambayi kowa ba.

Tun rasuwar matarsa, tsohon, Reb Anshel, bai yarda da kugel, wato gasasshen kwaɓin dankali, na kowa a birnin Antwerp ba. Na Perel, matar ɗansa Leibel, loma ɗaya ya kai ya ture, ya ce wannan ai kwaɓin gini ne. Bana kuwa likita ya ce da wuya ya ga wani idin. Shi ya sa Leibel ya ce a nemo wannan matar.

Ta fere dankali, ta goge shi da sauri kafin ya yi baƙi, ta matse ruwan a farin ƙyalle. Ta goga albasa, ta fasa ƙwai tana duba kowanne ko da jini. Ta sa gishiri da masoro. Sai da kitsen kaza ya yi zafi a faranti yana tsartsatsi, sannan ta juye kwaɓin ta tura tanda.

Leibel ya leƙo, idonsa a kan bango.

"In kin gama, Perel za ta zuba miki naki ki tafi da shi."

"Godiya nake, ranka ya daɗe," ta ce a hankali. Kunnuwansa suka yi ja, ya fice.

Wata ƙaramar jika ta tsaya tana kallonta. "Mama, wace ce wannan?"

"Mai taya ni aiki ce. Wuce ki sa takalmi."

Aka kunna kyandirori, aka yi addu'o'i, aka ba da labarin fitar Yahudawa daga Masar. Da matar ta bi maganar Leibel, da tuni ta tafi. Ta tsaya dai a bayan ƙofar kicin, har aka ɗauki farantin, samansa ya soyu ya yi ja.

Tsohon ya kai loma.

"Wa ya yi wannan?"

"Perel ce, Baba."

"Ƙarya kake, Leibel."

Ya ƙara loma, ya daɗe yana taunawa. Sannan ya juya makafin idanunsa wajen kicin, ya ɗaga murya yadda ko a tsakar gida za a ji.

"Mutum biyu ne kaɗai suka iya shi haka. Matata, da 'yata Gitel. Kuma duk sun mutu. A ƙaro min."

A bayan ƙofa, Gitel ta toshe bakinta da hannun da ke warin albasa, tana sauraron ubanta, wanda ya yage rigarsa ya zauna makokinta kamar ta mutu, tun ranar da ta auri wanda ba Bayahude ba.