Takardar Da Manhaja Ta Kasa Rubutawa

"Malam, zo ka cece mu," in ji manaja. "Sabuwar manhajar kwamfutar nan ba ta iya takardar sallama daga aiki ba. Magana take kamar ɗan sanda."

Na gyara tabarau ina hura hanci. Shekara ashirin ina buga wasiƙun kamfanin nan, wata uku ina koya wa manhajar salona. Yau ga ta ta kasa!

Na zuba gwaninta: godiya, yabo, addu'ar Allah ya buɗa wata ƙofa. Manaja ya karanta har da share ƙwalla.

"Sunan wa zan sa, ranka ya daɗe?"

Ya dafa kafaɗata. "Sa naka, Malam."

Na buga. Ko kuskure ɗaya babu.