Ni Zan Tashi, Babur Yana Nan

Kik ɗaya na buga, tsohon babur ɗina ya ɗauka, tagogin layinmu suka girgiza. Wata uku ina fama da kwayil da fulogi. Salansar kuwa da gangan na kwashe cikinta.

Maƙwabcina Douwe ya leƙo ta kan shinge. Shekara biyu yana kai ƙorafin hayaniyata wurin mai gida, har aka ba ni notis na tashi daga gidan.

Ya ce, "Yi ƙarar bankwana, Wiebe. Daga gobe sai barci har hantsi."

"Ni zan tashi," na ce. "Babur yana nan."

Sai ga matarsa Renske da hular kwano a ka. Na miƙa mata makullin babur ɗin, na bar mata shi kyauta.

Ta dubi mijinta. "Fitar min da motarka daga gareji. Ƙarfe shida na safe zan riƙa fita da babur ɗin kullum."