Manomin da Ya Bi Sawun Bataliyar Ɗansa

Ilu, tunda ka ce ka haƙura da neman ƙanenka don an gaya maka kamfanin da yake wa aiki a Kurmi ya rufe, gyara zama in ba ka misali.

A zamanin yaƙin Hitila akwai wani tsoho manomin alkama a ƙasar Punjab, can Indiya, lokacin tana hannun Turawan Ingila. Ɗansa tilo ya shiga sojan ƙasa tare da wasu samarin ƙauyen, aka kwashe su zuwa yaƙi a dajin ƙasar Bama. Tsohon nan bai san komai game da soja ba sai lambar bataliyar ɗansa, ita kuwa ya riƙe ta kamar sunansa. Da yaƙi ya ƙare yara ba su dawo ba, shi da sauran iyayen suka hau keken shanu suka nufi barikin da aka ɗauke su. Kurtun da ke gadin ƙofa ya ji lambar, ya ce, "Ai babu wannan bataliyar yanzu, an shafe ta." Nan take iyaye suka fashe da kuka, suka juya gida zaman makoki. Tsohon shi ma ya yi kukansa har gemunsa ya jiƙe, amma ya ƙi hawa keken. Ya ce shi dai lamba aka ce masa babu, ba wanda ya nuna masa kabari. Ya tambayi mai shayin bakin bariki, mai shayi ya tura shi wurin wanzamin sojoji, wanzami ya ce ya je tashar jirgin ƙasa ya nemi wani tsohon kofur mai hannu ɗaya. Kofur ya saurare shi, ya yi dariya, ya ce, "Baba, mun sha wuta, gaskiya ne, amma ba mu ƙare ba. Da muka ragu ne aka haɗa mu da wasu, aka ba mu sabuwar lamba da sabon bajo. Ka tafi barikin da ke ƙetaren kogi."

Ya tafi, wani wuri a ƙasa, wani wuri a bayan motar auduga. Ya isa da hantsi ana fareti, ya leƙa ta shingen waya, bai ga kowa ba sai rawuna iri ɗaya da ƙura. Can sai ya ji wani saje yana daka wa kurata tsawa, muryar nan da ta sha korar masa ɓauna daga gonar alkama. Tsoho ya buɗe baki ya kwaɗa masa kira da sunan da uwarsa ke kiransa tun yana goye. Saje ya sandare, ya waiwayo, ya saki sandarsa, ya sheƙo da gudu ya zube a ƙafafun ubansa. Kuratan da ke rawar jiki a gabansa ɗazu suka bushe da dariya, har hafsan da ke duba fareti ya kau da kai yana murmushi. A barikin nan tsoho ya iske yawancin samarin ƙauyensu da ransu, ana shirin ba su hutu. Tare suka koma gida, suka tarar ana ta karɓar gaisuwar mutuwarsu, aka naɗe tabarmin makoki aka kira makaɗa.

To, Ilu, tashi ka ɗauki takalminka. Mai nema yana tare da samu.