Birkin Mai Man Gyaɗa

An yi wani mutum mai sayar da man gyaɗa, yana zaune a wani ƙauye bisa tudu. Kekensa ɗan gwanjo ne, mai araha, fenti duk ya koɗe, amma shi ke kai masa jarkoki biyu kasuwa kowace Laraba. Tsakanin ƙauyen da kasuwa akwai doguwar gangara wadda ta ƙare a bakin wata siririyar gada. Birkin keken kuwa ya daɗe da zama ado. In ya matse, sai dai ya yi ƙara, keke ya ci gaba da gudunsa. Saboda haka ya saba jan dunduniya a ƙasa, har takalminsa na dama ya cinye. A gindin gangarar, ƙarƙashin tsamiya, akwai wani tsoho mai gyaran kekuna. Duk ranar da ya zo wucewa, tsohon kan ɗaga hannu ya ce, "Malam, a dubi birkin nan." Shi kuwa sai ya ce, "To, Baba," ya wuce, yana faɗi a ransa, tsoho ciniki yake nema, so yake ya ɗora mini sababbin kaya ya raba ni da ribata.

Ana nan sai matarsa ta sami juna biyu, bayan shekara shida suna roƙon Allah, aka ce ta riƙa zuwa awo asibitin da ke hayin gada. Ranar farko ya goyo ta, da suka iso kan gangara ya hango ƙasa, sai ya tsayar da keken. Dunduniyar da ke tsayar da mutum ɗaya da jarka ba za ta tsayar da rai uku ba. Suka sauka suka tako a ƙafa cikin rana, tana haki tana dafa ƙugu. Wannan wahalar tata ce ta tura shi gindin tsamiya, kansa a sunkuye. Tsoho ya ba matar tabarma, ya shafa yatsa a gefen ƙarfen ƙafar keken ta baya, ya nuna masa: maiƙo ne, manka ne ke ɗiga a nan, ina roba za ta kama? Ya sa shi ya wanke da toka da sabulu da hannunsa. Tsoho ya ciro robobin birkin ya goga su a dutse har santsinsu ya fita, ya mayar da su daidai saitin ƙarfen, ya ja wayar da ta saki ya ɗaure tamau. Bai sayar masa da ko allura ba. Da mutumin ya tambayi abin da zai bayar, tsoho ya ce, "Ɗana, ni ke zaune a gindin gangara. Duk wanda ya faɗi, a gabana yake faɗuwa. Na gaji da kwasar mutane."

Da watan awo ya zagayo, suka sake biyo hanyar, wannan karon a kan keke. Sun kai tsakiyar gangara ke nan sai ga amalanken shanu ya cika gadar, babu wurin ratsewa. Ya matse birki a hankali. Keken ya lafa, ya lafa, ya tsaya cik, saura taku goma. Matar ta leƙo ta gefen kafaɗarsa ta ce, "Maigida, lafiya muka tsaya?" Ya ce, "Lafiya ƙalau," yana share gumi.

Ka ga, ba duk mai nuna maka aibin abinka ne ke da rabo a ciki ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.